Fuskar Baba Anselme a Liyafar Rumawa

Litinin, 10 ga Janairu, 1853, Paris

Ni, Théodule Vassard, wanda ya kammala karatun zane da lambar yabo, na buɗe kundin nan domin tarihi ya adana gudummawata ga gagarumin aikin Maigida Gaubert: liyafar Rumawan dā a zamanin taɓarɓarewarsu. Manufarmu ita ce faɗakar da al'umma yadda almubazzaranci da sharholiya ke durƙusar da daula. Maigida zai zana manyan tsakiya, mutanen gefe kuwa nawa ne, bisa al'ada.

Alhamis, 13 ga Janairu

Na ɗauko wani tsoho, Baba Anselme, daga dandalin da masu tsayawa a zana su suke taruwa. Shi ne mashayin da zai zube ƙasa da kofi a hannu. Ina tsaka da yi masa sharhi kan rugujewar ɗabi'a, sai ya latsa inabin bogi na kakin zuma da ke tebur, ya ce, "Ɗana, Rumawan nan naka ko ɓawon burodi ba su rage ba?" Kowa ya tuntsire da dariya. Jahilci.

Talata, 1 ga Fabrairu

Baba Anselme tari yake yi. Kwance kan dutse, rabin jiki a buɗe, murhu can nesa. Na nemi a shimfiɗa masa bargo. Maigida ya ce, "Bargo a Rum? Dubi yadda kumatun suka zurma, Vassard, abin da muke nema ke nan. Zana!"

Na zana. Ban taɓa fitar da fuska kamarta ba.

Asabar, 19 ga Fabrairu

Bai zo ba. Zanen allin da muka kewaye ƙafafunsa da shi yana nan a ƙasa.

Laraba, 2 ga Maris

Matarsa, Madam Honorine, ta zo cikin baƙaƙen kayan takaba. Ta daɗe a gaban zanen. "Mutumin da sai ya sirka giyarsa da ruwa! Yanzu a rataye shi a baje kolin zane-zane, 'yan unguwarmu su zo su ce ashe mashayi ne? Malam, ko hancin ne ka sauya masa."

Na fara yi mata bayanin cewa ishara ce kawai ga... ban ƙarasa ba.

Juma'a, 4 ga Maris

Maigida ya kulle ɗakin zanen ya sa makullin a aljihu. "Sunana ne a ƙasan zanen, yaro. Ko gashin gira ba za ka taɓa ba."

Litinin, 7 ga Maris

Na bi ta ƙofar gidan Madam Honorine, na kasa ƙwanƙwasawa. Na dawo na zura wa Maigida takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Gajera ce, babu harshen Latin ko kalma ɗaya. Na san a murhu za ta ƙare.

"Maigida, Anselme bai taɓa buguwa ba. Hannuna ne ya yi fuskar, ka bar ni in goge ta. Ina neman amsarka a rubuce kafin Asabar, 12 ga Maris, ranar da za a fitar da zanen."