Littafin da Rashid Ya Ajiye Mini a Tabarma

Sabon Gari, Maraɗi

Zuwa ga Yaya Illo, a Kwatano,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Inna ta koma Tibiri, ƙafar ta yi sauƙi. Lakol kam, makarantar su Rashid, har yanzu a rufe, malamai na yajin aiki, ana raɗe-raɗin shekarar karatun nan ma za a soke ta.

Saƙonka ya iso, cewa in sa Rashid a mota ya zo ya kama maka shagon atamfa tunda karatu ya tsaya. Na faɗa masa. Washegari sai na tarar da wani littafin labarin matasa a kan tabarmata. Ka san ni da karatu, kafin la'asar na cinye shi.

Labarin wani yaro ne da ubansa ke so ya gaje shi a fatauci, shi kuwa ransa na kan aikin likitan dabbobi. Marubucin ya iya zance, ya san yadda yaro ke haɗiye magana a gaban manya, wurin nan har ƙwalla na yi. Amma ya zalunci uban, ya mai da shi kamar bango, ko murmushi bai ba shi ba. Ƙarshen kuma ya ɓata mini rai: yaron ya sulale ba sallama, marubucin yana ta yaba masa. Na tsare Rashid na ce ƙarshen nan bai yi mini ba. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ma bai yi masa ba, shi ya sa ya kawo mini.

Yaya, Rashid ɗan farinka ne. Kunya ta hana ka kiran sunansa, ta hana shi haɗa ido da kai, to ta ina zai gaya maka? Tun da aka rufe lakol kullum yana Jiratawa wajen masu noman rani, makarantar aikin gona yake so. Gaskiya tsoro nake ji. Ban sa shi a mota ba, kuma ba zan sa shi ba sai ka zo ka zauna da shi.

'Ya'yana Zuliha da Samira na gaishe ka. Ka gaida Tasalla da yara. Rashid ma ya ce a gaishe ka. Jakarsa dai a ɗaure take, ban san wace tasha zai nufa da ita ba.

Ƙanwarka,
Habsatu