Ruwan da Na Kurɓa wa Baƙo

Bagauda, ranar Laraba

Zuwa ga uwargidana, Kaka Tani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ƙafar nan taki mai ƙin sanyi. A gaida Baba da Inna da duk mutanen Yako. Tunda kunnenki ya ɓata da waya, ga takarda nan da ajami, Kawu Dikko ya karanta miki. Kawu, kar ka tsallake inda na zolaye ta.

To tsohuwa, mijinki ya shiga makaranta da girmansa. Wata ƙungiya ce ta ƙasar waje ta ba da tallafi, aka gyara wani tsohon gini a bakin tafki, aka tara mu mu arba'in, yawancinmu allo kaɗai muka sani. Aikin otal ake koya mana: gyaran gado, jera cokula, ɗaukar tire da hannu ɗaya. An ce wata rana masu yawon buɗe ido za su cika wajen nan. Wata biyu ke nan ban ga kowa ba sai masunta. Kujeru muke yi wa hidima. Nakan rusuna in tambayi kujera ko shayin ya yi mata, har yau ba wadda ta yi ƙorafi.

Malama Hamdiyya, mai koya mana, ta ce hannuna ya fi na kowa, kaina ne babu saiti. Wai don na rufe kwaɗo a kwanon miya na ajiye wa Badamasi, abokin ɗakina. Ni dai ban cuci kwaɗon ba.

Ga abin da ke gabana. Bayan jarrabawa, mutum goma za a kai aiki otal-otal na Kano. Kin kuma ji abin da Baba ya ce: gonar ba ta isar mu, in na fito ba aiki sai in bi Yaya Hamidu ramin haƙar ma'adinin kuza a Riruwai. Ni kuwa na ji irin tarin da Hamidu yake yi. Ki sa ni a addu'a.

Angonki,
Muzammil

Bagauda, ranar Asabar

Kaka,

Sallama da gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Ni lafiyata lau, zuciyar ce dai.

Jiya aka yi jarrabawa. Ba rubutu a cikinta: baƙo zai zauna, ka tarbe shi, ka kawo masa ruwa da abinci, ana ba ka maki. Na ɗauka wani matashi mai kwat za su kawo. Sai ga dattijo fari fat da furfura, sa'an marigayi Malam mijinki na gaskiya, wai ya shekara talatin yana shugabantar otal. Motarsu ta lalace a hanya, ya iso da rana tsaka, leɓensa a bushe.

Ni aka fara kira. An koya mana ka tsaya ƙyam, ka dubi baƙo ido cikin ido, ka ajiye kofi ta damansa, yatsanka ma kada ya taɓa bakin kofin. Na yi wa kujera haka ya fi sau ɗari. Amma da na ga dattijo a gajiye, ban san sanda gwiwata ta kai ƙasa ba. Na ɗaga kofin na kurɓa, sannan na miƙa masa da hannu biyu, yadda kika koya mana tun muna yara, cewa ba a ba babba ruwa sai an fara kurɓa don ya sha hankalinsa kwance.

Aji ya fashe da dariya. Badamasi har da buga tebur, wai wannan ta fi ta kwaɗo. Malama ta fitar da ni, ta ce ko a ranar da arzikina ke rataye ba zan bar shaƙiyanci ba. Na rantse mata ba wasa nake ba. Ina rantsuwar ana ƙara dariya, don duk sanda na yi tsiya haka nake rantsewa.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ture kofin gefe, bai sha ba.

Kar ki gaya wa Baba tukuna.

Naki,
Muzammil

Bagauda, ranar Litinin

Kaka,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Allah ya ƙara miki lafiya.

An kafe sunaye, Badamasi ya karanta mini tun daga sama har ƙasa, ya sake karantawa. Shi ne na shida. Ni na ashirin da uku.

Na sami Malama na roƙe ta ta bar ni in maimaita da 'yan zagaye na biyu, ko shara ce in riƙa yi kafin nan. Ta ce babu zagaye na biyu. Ƙasar da ke turo tallafin ta rufe hannu, ita ma Malamar aikinta zai ƙare ƙarshen wata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Yau da safe mota ta zo ta kwashe farantai da katifu da injin wuta. Da hannuna na nannaɗe kofunan cikin jarida, ko ɗaya bai fashe ba.

Dattijon ya dawo sa hannu a takardu. Na tare shi a gindin darbejiya na gaishe shi, na fara ba shi haƙuri. Ya ce in bari, tun da na durƙusa ya san ba iya shege ba ne, mahaifiyarsa ma haka take yi wa baƙi. Na ce to, Baba, me ya sa aka kayar da ni? Ya ce:

"Yaro, takardar da suka ba ni babu gurbin wannan a cikinta. Ni ma sai da na bar shi a ƙofa aka ɗauke ni aiki."

Ya sa mini albarka, ya shiga mota.

Ban ga laifinki ba, tsohuwa, kar ki zauna kina kuka Kawu ya rasa yadda zai yi da ke. Na nemi abin zolayarki a wasiƙar nan tun daga farko, ban samu ba.

Yanzu kina iya gaya wa Baba. Ba sai ya yi mini magana sau biyu ba. Ba zan biyo ta Yako ba, don in na gan ki ba zan iya wucewa ba. Jibi zan hau motar Tudun Wada, daga can in nemi ta Doguwa. A aika wa Yaya Hamidu ya nema mini diga da wurin kwana.

Ki yafe ni. Wassalam.

Jikanki,
Muzammil