Katako Mai Lamba Tara

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ya jikin Mama? Babu sabis a nan, shi ya sa na ba direban motar burodi wannan takarda.

Mun iso lafiya da su Kawu. Tafkin yana can saman dutse, ruwansa kore, sanyi kamar ƙanƙara. Ɗakunan baƙi na katako ne, gadona ko numfashi na yi sai ya yi ƙara. Amma ba wannan ya sa na rubuto ba.

A bakin hanyar tafki akwai allo mai ƙusoshi. Duk mai sauka, wani tsoho mai gadi zai ba shi ɗan katako mai lamba, in ya dawo ya rataye. Ba a rubuta suna. In la'asar ta yi aka ga ƙusa babu katako, to wani bai dawo ba. Nawa lamba tara ne.

Shekaranjiya da muka dawo na tsaya ɗaura takalmi, su Kawu suka wuce. Sai na tarar masu kwalekwale sun cika gaban allon suna shan shayi. Yaya, kin san ni. Na kasa cewa su matsa. Na sa katakon a aljihu, na ce anjima.

Da la'asar aka buga ƙararrawa. Kwalekwale huɗu suka shiga ruwa, mutum biyu suka yi nutso cikin wannan sanyin. Ina taga ina kallo, katakon yana aljihuna. Da aka ƙirga baƙi aka ga kowa yana nan, manajan wurin ya ce tsohon ne ya yar da katakon, tsufa ya ci ƙarfinsa, ranar Asabar ya tattara kayansa.

Katakon yana cikin safata. Na canja masa maɓoya sau biyar. Na kasa zama, na kasa ci. Jiya tsohon ya ce mini, "'Yata, ko sanyin ne?" ya ba ni kujerarsa a rana. In jefa shi cikin tafkin?

Ki gaishe da Mama.
Ƙanwarki, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Mama da sauƙi, tana gaishe ki. Ban faɗa mata ba.

Ke dai ba ki da dama. Ki jefa a ruwa? Katako tasowa yake yi, malama. Kuma kada ki lallaɓa ki rataye shi a ɓoye, cewa za su yi tsohon ne ya tsinto abin da ya yar. Gaban manaja za ki kai shi. In muryar ta ƙi fita, ki miƙa hannu, hannu ba ya in-ina.

Kunyar da za ta raba dattijo da abincinsa ba kunya ba ce. Kawu zai yi faɗa, na sani. Ni ya yi mini ya fi a ƙirga, ga ni nan da kunnuwana biyu.

Ki ci abinci. Allah ya dawo da ku lafiya.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso safiyar Asabar, tsohon har ya ɗaure jakarsa.

Manaja yana gaban allon, masu shayi sun kewaye shi. Na ce, "Don Allah ku matsa." Ba wanda ya ji. Na sake faɗa. Sai na miƙa hannu kamar yadda kika ce. Ɗaya daga cikin masu nutson ya dube ni ya ce, "Ashe ke ce gawar da muka nema? Kin yi kyan gani."

Kawu har yanzu bai yi mini magana ba. Tsohon ya kwance jakarsa. Yau da za mu sauka tafki ya tsallake lambobi takwas, ya ciro tara ya miƙo mini, ya ce, "Wannan ya saba da ke."

Sai mun zo.
Auta