Makullan da Baba Ya Bi

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Inna da ciwon gwiwarta. Mu ma lafiya lau, sai dai muna sama. Wata ma'aikaciyar jirgi ce ta ba ni takardar nan, in mun sauka zan ɗauki hotonta in turo. Ki karanta wa Inna, kuma ban da dariyar rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta.

Auta, Yaya Babba bai yi ƙarya ba. Abin da ya biya mana ba kujera ba ce, ɗan ɗaki ne har da ƙofa. Ka danna wani wuri, ta miƙe ta zama gado. Sun kawo ɗan tawul mai zafi a faranti, Baba ya shinshina, ya tambaye ni a hankali ko ci ake yi.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Tunda yanar nan ta rufe masa ido, kin san bai yarda kowa ya riƙe masa hannu ba. Ni a gaba da damin makullai a ƙugu, shi a baya yana bin ƙarar, kai a sama, har mutanen layinmu na cewa ido ya yi sauƙi. A gida dabarar ta yi. A nan ban sani ba.

Ɗazu ya so zagayawa. Bai kira sunana ba, sai ya ƙwanƙwasa makullin shago da ke wuyansa a jikin kujera, biyu a jere sannan ɗaya, yadda yake buga magagari a bencinsa na yankan makulli in yana nemana. Sun rage fitilu, mutane na barci ko da yake rana ce tsaka a waje. Na shige gaba ina kaɗa makullai, wani mai ƙaton tumbi ya ɗaga ƙyallen idonsa ya harare ni. Ma'aikaciyar ta kalle ni, ta kalli Baba, na ga ta gane. Ta nuna mini da hannu cewa za a kawo keken marasa lafiya in mun sauka. Da na gaya wa Baba, ya ce idonsa ya zo a gyara, ƙafafunsa ba su kai ƙara wurin kowa ba.

Ki gai da Inna. Ki ce mata ya ci abinci, ya kuma sha maganinsa.

Yayanki,
Sannu-Sannu

Auta,

Sallama a gare ki, da fatan kuna lafiya. Wannan taki ce ke kaɗai. Kada ki karanta wa Inna, kada ma ta ga fuskarki in kin gama.

Ban san inda Baba yake ba.

Ina zaune a ofishin masu tsaron filin jirgi. Sun ce in jira, shi ya sa nake rubutu. Masu irin kujerarmu su ake fara saukewa, aka buga mana fasfo ba layi, har na fara jin daɗi. Sai muka fito wurin ɗaukar kaya. Auta, ban taɓa ganin mutane haka ba. Kowa sauri yake, lasifika na magana da yaren da ban ji, ƙafafun akwatuna na gurnani a ƙasa.

Na tsayar da Baba a bayana, na sunkuya ina jiran jakarmu a kan abin da ke zagayawa da kaya. Makullan suna bugun ƙarfen wurin, sai na tura su aljihu. Jakar ta zo, na ja ta, na waiwaya. Babu shi.

Na kira Yaya Babba da zai zo tarbarmu, yana cikin cunkoson motoci, sai faɗa yake mini a waya. Wayar Baba kuma tana aljihuna, tunda ba ya ganin fuskarta.

Yanzu suka nuna mini hoton kyamara. Wani ma'aikaci ne ya wuce yana tura amalanken shara, da damin makullai a ƙugunsa. Baba ya juya ya bi shi. Ki ga tafiyarsa, Auta, kafaɗa a miƙe, hannu a baya, kamar mai filin jirgin ya zo duba aiki. Ya wuce masu tsaro biyu, ɗaya har ya matsa masa hanya. Wa zai tare mutum mai irin wannan tafiya? Abin da muka ɓata lokaci muna koya masa don kada a gane, shi ne ya fitar da shi ba wanda ya gane.

Sun fita ta ƙofar gilashi zuwa inda motoci ke ɗaukar fasinja. Daga nan kyamarar ba ta kai ba. Motocin wurin ba sa tsayawa sosai, kuma Baba ba zai buɗe baki ya ce wa baƙo ba ya gani ba, ko da yarensu ɗaya.

Ba zan iya zaman nan ba. Ki yi addu'a.

Yayanki

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, da Inna. Ki sauke numfashi, Baba na nan kusa da ni a gidan Yaya, yana shan shayi yana kushe shi.

Na bar jakar a ofishin na fita, wani mai tsaro ya biyo ni. Waje ya fi ciki muni. Manyan bas-bas, tasi, hon, masu kiran fasinja, ga iska mai sanyi. Na ɗaga makullan sama ina kaɗawa ina tafiya kamar mai talla, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ni kaina ba na jin ƙarar, balle shi. Mai tsaron ya fara kallona kamar zai mayar da ni ciki.

Sai na tuna kunnen Baba. Mutumin da ke gane makullin da aka yanka ba daidai ba daga faɗuwarsa a benci, ba zai daɗe yana bin makullan wani ba. In ya gane, tsayawa zai yi. Kuma ba zai yi kira ba.

Na dunƙule makullan a hannu. Na tsaya cak, na rufe ido. Mutane na bangaza ta, wani ya zage ni da yarensu, ban motsa ba. Na daɗe haka. Da wata bas ta tashi, kafin ta bayanta ta iso, sai na ji shi can ƙasa-ƙasa. Biyu a jere, sannan ɗaya.

Yana kan wani siririn dakali tsakanin hanyoyin bas biyu. Yadda ya tsallaka ya kai wurin, Allah kaɗai ya sani. Ya rungume wani ƙarfen alama da hannu ɗaya, yana bugunsa da makullin wuyansa. Duk bas ɗin da ta wuce sai rigarsa ta tashi. Hularsa ta faɗi, mota ta bi ta kai. Mai tsaron ya tare hanya na tsallaka, na taɓa kafaɗarsa.

Abin da ya fara cewa shi ne wanda ya sa mini suna Sannu-Sannu bai zalunce ni ba. Wai kuma makullan mutumin can duk na banza ne, tun daga ƙofa ya ji ba aikinmu ba ne.

Na ciro namu zan shige gaba kamar kullum. Ya laluba ya karɓe damin, ya zuba a aljihunsa. Sannan ya miƙo mini hannu, a gaban duk jama'ar nan. Auta, rabona da riƙe hannun Baba tun ina ƙarami yana tsallakar da ni titi. Bai sake ni ba har cikin motar Yaya.

Gobe za mu ga likitan ido. Baba ya ce kada a gaya wa Inna komai. Ki karanta mata duka ukun, amma ki fara da wannan.

Yayanki mai ƙaunarku,
Sannu-Sannu