Kunnen Tsoho Orval

Asabar, 7 ga Satumba

Na wuni a garejin Tsoho Orval, mun canza wa jitarsa tsirkiya. Jita dai ake ce mata, amma tebur ce mai ƙafa huɗu: tsirkiya goma a sama, feda uku a ƙasa, ga ƙarafan da yake turawa da gwiwa. Ɗaya bayan ɗaya yake cire tsirkiyoyin. Sai ya cusa guntun soso a gindin tsirkiyar, don kada ɗan ƙwallon bakinta ya faɗa cikin injin. Ɗigon man keken ɗinki a kan kowace 'yar tayar da tsirkiya ke bi. Da ya zo ɗaure ta uku, siririyar, ya ce, "Kau da fuskarka, mai ganga. Wannan ta fi matata ta farko saurin fushi."

A gefen jitar akwai fararen noti ƙanana, su ke faɗa wa kowace feda iya inda za ta ja tsirkiya. Da kunne yake saita su. Na ce ya sayi na'urar saiti irin ta Chuy, abokin kiɗanmu mai jitar bas, ya ce, "Na'ura ta kurame ce. Shekara hamsin da ɗaya kunnen nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Ya shiga ɗauko kofi, ya bar ɗan makullin notin a kan kujera. Na murɗa noti ɗaya, kwatan zagaye kawai. Jika ai dole ya taɓa kakansa, ko da kakan aro ne na Texas.

Lahadi, 8 ga Satumba

Mun yi kiɗan rawar la'asar a zauren gari. Waƙa ta biyu ya taka feda, jitar ta yi kukan akuya mai mura. Fuskarsa! Saura kaɗan sandar ganga ta kuɓuce mini. Da hutu ya gyara yana zagin zafin rana.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na sake, wani notin daban, yana can yana cin tsiran aladensa. Darlene, mai waƙa kuma shugabarmu, ta juyo a tsakiyar baiti ta ce, "Orval, kai ne ko kyanwa aka taka?" Masu rawa suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na uku. Wallahi da niyyar in faɗa masa na yi, har na shirya yadda zan kwaikwayi fuskarsa. Muna loda kaya a mota sai ya riga ni magana. Ya ce mahaifinsa goge yake yi a zauren nan, ƙarar tarakta ta cinye masa kunne, ya shekara biyu yana ɓata wa mutane rawa ba wanda ya iya gaya masa. "Ni ba za a yi mini wannan karar ba, Tanimu. Ranar da na tabbatar, zan rufe akwatin jitar da hannuna."

Bai taɓa kirana da sunana ba sai yau. Na ce, "Haba Tsoho, kai da kake jin buɗe kwalba daga wani gari?" Ya ci gaba da lodi. Ni kuma ban faɗa ba.

Laraba, 25 ga Satumba

Ya je wurin likitan kunne. Wai na hagu ya daina kama sirirun sauti. Wannan kuma ba ni na murɗa ba.

Lahadi, 29 ga Satumba

Ban taɓa komai ba. Na rantse, ko kusa da makullin ban je ba.

Shi ya taɓa. Kafin a fara ya duƙa yana murɗa notin da suke lafiya lau. Ya taka, ya saurara, ya ƙara murɗawa. Ya ɗaure su har tsirkiya ta biyar ta daina komawa wurinta in ya ɗaga ƙafa. Rabin rawar ya yi da hannuwa a kan cinya. Ban taɓa ganin hannuwan nan zaune ba.

Na ji Darlene tana ce wa Chuy akwai wani matashi mai jita a birnin Austin, za ta kira shi "ya zo ya saurara kawai". Chuy ya kalle ni ya ce, "Kai yau ba ka da abin tsokana?" Na ce ciki ke ciwo.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Tsoho ya bugo waya, wai zai sayar da jitar. Mai saye zai zo Asabar da yamma, in zo da safe mu sa mata sababbin tsirkiyoyi, ba a sayar da ita da tsofaffi.

Malaminmu na allo a Zongo, kafin kawu ya kawo ni ƙasar nan, yakan ce in ka ɓata wa mutum abu ba Allah za ka fara roƙo ba, mai abin. Na yi salla duk da haka. Ba ta sauke mini komai ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Mun sassauta duk notin, mun bi su daga farko. Muna kan tsirkiya ta shida na faɗa. Haka kawai ya fito, ba dariya, ba kwaikwayo.

Ya ci gaba da naɗa tsirkiyar har ya gama.

"Sau nawa?"

"Uku."

"Ta huɗun fa?"

"Kai ne, Tsoho. Amma ni na tsorata ka."

Ya ce, "Ɗan banza." A hankali ya faɗa, ban gane ko zagi ne ko ajiyar zuciya ba. Da ya kwaɗa mini ƙarfen da yake zamewa da shi a kan tsirkiya, da na fi jin daɗi. Ya gama saiti tsaf, ya miƙo mini makullin.

"Zan fita in dawo. Murɗa wanda ka ga dama, ko kada ka murɗa. In na kama, jita ta zauna. In na kasa, mai saye ya ɗauka. Kada ka tausaya mini, ka riga ka nuna ba ka iya ba."

Na murɗa na biyar. Kwata, daidai irin na ranar farko, wanda ya kama cikin waƙa ɗaya. Na so ya kama da gaske, ya zage ni, a wuce wurin.

Ya dawo ya zauna. Ya taka ta farko, ta biyu, ya haɗa su. Ni daga bakin ƙofa ina jin akuyar. Ya karkata kai, ya sake takawa, ya daɗe. Sai ya ɗago yana murmushi.

"Ba ka taɓa komai ba, munafuki. Ka ɗauka za ka sa ni farautar iska?"

Na ce, "Ka kama ni, Tsoho."

Ya shiga kiran mai saye ya ce an fasa. Ina jin muryarsa ta taga, yana dariya. Na mayar da notin.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na zo da wuri, saboda fatar ganga tana son ɗauri, ba don komai ba. Ya saita kayansa ya tafi wurin tsirensa. Shekara huɗu ina zaune a damansa, na san yadda jitar take kuka in tana lafiya. Noti biyu na samu sun kauce. Na gyara da wani makullin da na saya ranar Talata.

Rawa ta yi kyau. Darlene ta sumbaci saman kansa, ta ce ba ta ma ajiye lambar ɗan Austin ba. Chuy ya ce na zama salihi, ko aure zan yi.

A waƙar ƙarshe ƙarfen hannunsa ya tsaya ƙasa kaɗan da inda ya kamata a kan tsirkiya. Sau biyu. Ba wanda ya juyo, ni ma na ƙara wa ganga ƙarfi a daidai wurin. Noti ina da makullinsu. Hannun ne ban san yadda zan yi da shi ba.