Tukunya ta Biyu a Xintang

Guangzhou, 3 ga Maris

Zuwa ga uwargidana Balkissa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya zafin Maradi? Ni jikina lau, zuciya ce babu daɗi.

Kin san Laoban Wu, mai masana'antar wandon jins a Xintang, wanda nake sayen kaya wurinsa shekara goma sha ɗaya. Yanzu hukuma ta tilasta masa rubuta yawan hayaƙin da tukunyar tururinsa ke fitarwa, masu saye daga Turai ma sai sun ga takardar. Ni da ƙafata na kai masa Salihu, wani ɗan kasuwa daga Yamai, saboda ya karanci harkar lissafin hayaƙi. To, na jawo wa kaina. In mun shiga ofis, Salihu ake fara zuba wa shayi, ni kuwa sai a ɗaga mini hannu kamar ɗan aike. Wallahi kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba. Ranar Juma'a a Masallacin Huaisheng har sahu na canza don kada mu haɗa kafaɗa.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Tankari

Guangzhou, 19 ga Maris

Balkissa tawa,

Ina gaishe ki, Allah ya sa kuna lafiya. Na yi ɓarna.

Wata Bafaranshiya ta zo daga kamfanin masu saye don ta duba lissafin hayaƙin. Salihu na ta zuba mata Faransanci, Laoban na murmushi. Na kasa daurewa. Ai ni ma na iya Faransanci! Don in nuna na fi shi sanin gidan, na ba ta labarin tsohuwar tukunyar kwal da ke bayan sito, wadda ake kunnawa in odar kayana ta gaggawa ce. Ashe ba ta cikin takardar, Salihu ma bai san da ita ba.

A kan haka aka rufe masana'antar, wandunanmu na Sallah suna ciki a jiƙe. Laoban ya daina amsa wayata. Salihu ne ke rubuta sabon rahoto don a buɗe, kuma jiya ya zo har ɗakina ya ce da zarar an buɗe, wandunana zai fara fitowa da su daga masana'antar.

Ki yi mini addu'a, Balkissa. Na yi wa Salihu godiya, amma har yanzu haushinsa nake ji.

Naki har kullum,
Tankari