Ni Na Danna Maɓallin, Ba Kai Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan doguwar bazara, muradin raina, Sarkin Gaggawa mai taurin kai,

Ina gaishe ka gwargwadon kewarka da nake yi, ita kuwa ba ta da ma'auni. Yau kwana uku wayarka a kashe. Kwana uku ina shiga ɗakin kwamfuta in tarar da kujerarka, mai karyayyen hannun nan ta jikin taga, babu kowa a kai, sai in ji kamar an zare min wani abu a ƙirji. Ka zaci in ka kashe waya ka rufe bakina ke nan? To ga takarda, ga biro! Mu da muke koyon tura aiki zuwa ƙarshen duniya cikin ƙiftawar ido, yau ga ni zan zura wasiƙa ta ƙarƙashin ƙofa. Kai ka jawo.

Na san abin da ka yi. Jiya Malam ya kira ni ofishinsa, ya cire tabarau, ya ce, “'Yata, yaron nan ya zo ya ce ba ke kika amince da gyaran ba. Wai kin tashi wanke hannu, shi kuma ya ɗauki wayarki ya danna da sunanki. Haka aka yi?” Na buɗe baki, ya ɗaga min hannu. “Kada ki ba ni amsa a tsaye. Kwamiti zai zauna ranar Litinin da ƙarfe goma. Amma ki sani, in kuskure ne na mutum biyu, maimaita darasi ne. In kuwa shiga asusun wani ne, wannan kora ce.”

Kora, masoyina! Ka ji kalmar da kyau? Shekara huɗu ta wahala za ka ɗauka ka wurga a rijiya, don kawai kada ƙura ta taɓa sunana? Wa ya roƙe ka? Yaushe na ce maka ni ƙwai ce da za a riƙa lallaɓawa a cikin auduga?

Bari in tuna maka gaskiyar, tunda na ga alama ka fara gaskata ƙaryar da ka ƙirƙira. Malam ya damƙa wa rukuninmu manhajar da ɗaliban sashenmu ke miƙa ayyukansu ta ciki. Ba a kwamfutarmu take zaune ba, tana can cikin gajimare, wato manyan kwamfutocin haya da ke wata uwa duniya, waɗanda ko kai ko ni ba mu taɓa gani da ido ba. Mu biyu muka gina mata tsarin da ke kai gyara da kansa, wanda 'yan aji suka raɗa wa suna Jakada. Ka rubuta gyara, wani ya karanta ya amince, shi ke nan Jakada ya gwada, ya ƙunshe, ya kai, ba ya jiran kowa. Doka ɗaya ce tal Malam ya kafa tun ranar farko: ba mai amince wa aikin kansa, dole ido na biyu ya bi shi layi-layi. Idon nan na biyu, a kan aikinka, nawa ne.

Ranar Talata da rana muna zaune a kantin makaranta, kan teburin nan mai rawa da kake cusa wa takarda a ƙafa. Ka ce, “Ɗan gyara ne na tura miki, layi shida kacal, shara kawai zai kwashe daga rumbun gwaji.” Kana faɗa kana murmushin nan naka, mai lotsa kumatun hagu, wanda ke sa in manta sunan kakata. Na ɗauki wayata da hannuna. Na buɗe. Ban karanta ko layi ɗaya ba, kai nake kallo. Na danna. Layi na huɗu ba rumbun gwaji ya nuna ba, rumbun gaske ya nuna, inda ayyukan ɗalibai ke ajiye. Jakada kuwa aike ya sani, ba ya tambaya. Kafin lemon da ke gabana ya huce, ayyukan ɗalibai ɗari uku sun ɓace, a ranar rufe miƙawa. An dawo da na kwanakin baya daga ajiya, amma na ranar ya tafi, kuma na ga wata 'yar aji biyu zaune a kan matakala tana kuka.

Kai ka rubuta, ni na danna. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, ni kuwa nawa son har karatu ya hana ni. Wannan kunyar tawa ce, kuma ba zan ba ka aronta ba.

Ka tuna ranar da Jakada ya fara aiki? Sau goma sha tara yana nuna mana ja, alamar kuskure. Fankar ɗakin tana kukanta, kowa ya gaji ya watse, kai kana cizon murfin biro, ni ina bin kuskure kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. A karo na ashirin allon ya koma kore daga sama har ƙasa. Ka yi tsalle har kujera ta kife, a nan ma hannunta ya karye, ka juyo ka ce, “Wallahi in ba ke, ni ba komai ba ne sai gudu babu birki.” Ranar na fara sonka, ko kuwa ranar na daina ƙaryata kaina. Ya kai tauraron da nake duba in gane hanya, yaya za a yi ka kira ni birki, sa'an nan ranar da birki ya tsinke ka ce ai babu shi a motar?

Na san lissafin da ka yi. Ka ce ni ce ta ɗaya a aji, ni aka zaɓa in je horon wata shida a wani babban kamfani, in na maimaita darasi gurbin ya tafi. Gaskiya ne, zai tafi, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa bai dame ni ba. Na yi kuka har idona ya kumbura. Yayata ma da ta ji labari cewa ta yi, “Ke dai ba ki da wayo! Namiji ya ɗauke miki kaya, ki ce sai kin sauke kin ɗora a kanki? Ja bakinki ki yi shiru, ai shi ya ga zai iya.” 'Yan rukuninmu kuwa sai sunkuyar da kai suke yi in na shigo, kowa na addu'ar a yi a gama. To su sunkuyar! Yaya ta yi fushinta ta huce! Ni ba zan shiga kamfanin kowa ina taka bayanka ba. Wace irin ma'aikaciya zan zama, wadda darasinta na farko shi ne in abu ya fashe a nemi wanda zai mutu a madadinta? Kullum na zauna gaban allo aka ce in duba aikin wani, fuskarka zan gani.

Kuma ka tuna da Umma. Matar da ke gaya wa maƙwabta ɗanta yana karatun gajimare, har suna tare ka a ƙofar gida suna tambaya ko za a yi ruwa gobe. Ka tuna da yayanka makaniki, wanda ya ce ranar da ka gama zai rufe gareji ya sa fararen kaya, ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa. Me za ka ce musu? An kore ka saboda satar shiga wayar mace? Laifin da ba ka yi ba, tabon da ba ya wankuwa? In kai ka iya kallon idon Umma da wannan magana, ni ba zan iya ba.

Kada ka ɗauka ban ga soyayyar da ke cikin abin da ka yi ba. Na gani, ya zumar zuciyata, kuma ta girgiza ni har ƙashi. Ba a taɓa yi min irin wannan ba, ban kuma san akwai mai iya yi ba. Amma kyauta ce mai ƙaya, in na karɓa hannuna zai yi ta jini har tsufa. Ni ba mai ɗauke min kaya nake nema ba, wanda za mu kama kunnen tulun tare nake so. Shekara ɗaya ce za ta ƙaru mana. Mene ne shekara ɗaya? Za mu sake zama a aji da ƙannenmu, a nuna mu da baki a ce ga waɗanda suka share rumbu nan. A nuna! Za mu gina wa Jakada shingen da ko mahaukaci ya danna ba zai kai ga rumbun gaske ba, mu tsaya gaban ajin mu faɗa musu yadda muka yi ɓarnar da bakinmu.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ba shawararka nake nema ba, Sarkin Gaggawa, wannan karon na riga ka. Yau da safe na rubuta bayanina, shafi biyu, da sunana da sa hannuna, na miƙa wa sakatariyar kwamiti, ta buga hatimi a gabana. Ya shiga, ba ya fitowa.

Saura kai. Ranar Litinin ƙarfe goma saura kwata za ka same ni a bakin ƙofar. Ko ka shigo ka tsaya a gefena mu faɗi magana ɗaya, ko kuwa ka maimaita taka. Sai dai ka sani, in ka maimaita ta, dole ka dubi tsakiyar idona a gaban malamai biyar ka ce ni maƙaryaciya ce. Ka gwada mu gani in bakinka zai iya.

Taka a ranar kore, taka a ranar ja, taka a shekarar da za mu maimaita da duk waɗanda ke bayanta, har numfashi ya ƙare,

Idonka na biyu.